Sunan kamfani ya zama kalmar kowa a Birtaniya: riba ce ko asara?

Malam Habu: Jama'a, ga matsayina. Duk kamfanin da sunansa ya koma kalmar yau da kullum a bakin mutanen Birtaniya ya gama cin kasuwa. Ku dubi Hoover. Kamfanin Amurka ne daga jihar Ohio, ya faro a 1908, amma a Ingila kowane injin zuƙe ƙura hoover ne, ko da Dyson ya ƙera shi. Har aikatau suka mai da sunan. Wanda zai share kafet da injin sai ya ce zai yi "hoover", yaron da ya lamushe abinci kaf kuma a ce ya "hoovered it up". Wace talla ce ta kai wannan, ga shi kyauta?

Hajiya Rabi: Malam Habu, ai misalinka ne ya kayar da kai. Matar da ta ce za ta sayo hoover ta dawo da Dyson, kuɗinta aljihun wa ya shiga? Suna ya zauna a baki, ciniki ya tafi gidan wani. Mu ma mun san haka: ka ce wa mai kanti ya ba ka omo, ya miƙo maka Klin ko Ariel, ka karɓa ba gardama. Sannan akwai doka. Sashe na 46 na dokar alamar kasuwanci ta Birtaniya ta 1994 ya ba da damar soke rajistar suna idan ya zama sunan gama-gari na kayan a kasuwa, ta dalilin aikin mai shi ko sakacinsa. Irin haka ta sami kamfanin Otis a Amurka, ya rasa kalmar escalator, wato matakala mai tafiya da lantarki, a 1950.

Malam Habu: To Hajiya, ai har gobe Hoover na riƙe da rajistarsa.

Hajiya Rabi: Da tsaro ake riƙewa, ranka ya daɗe. Kamfanin Portakabin na garin York ya yi suna wajen rubuta wa jaridu wasiƙa idan suka kira kowane ɗakin tafi-da-gidanka da sunansa. Matakan sanannu ne: a fara sunan da babban baƙi, a bi shi da sunan kayan na ainihi, kada a mai da shi aikatau ko jam'i, a ajiye shaidar cewa an yi ƙorafi. Da riba ce zalla, wa zai biya lauya ya hana ta?

Malam Isiyaku: Ku gafarce ni, abu biyu kuka zuba a kwano ɗaya. Akwai sunan da ya maye gurbin sunan kaya: sellotape, tippex, tannoy ta sanarwa a tashar jirgi, da biro da mu ma muka gada. A nan Hajiya ke da gaskiya, kuma biro ne hujjarta mafi ƙarfi. László Bíró ɗan Hungary ne ya yi wa alƙalaminsa rajista a 1938, amma wanda ya cika duniya shi ne Bic Cristal na 1950.

Kashi na biyu daban ne, sunan da ya koma siffar hali. Marmite wani baƙin maɗi ne mai gishiri da ake shafa wa burodi, an fara yin sa a Burton upon Trent a 1902. Tallarsa ta shekarun 1990 ta ginu a kan cewa ko ka so shi ko ka ƙi shi. Yau idan aka ce ɗan siyasa ko mawaƙi "a bit Marmite" ne, ana nufin ya raba kan jama'a, babu ɗan ba-ruwana. Ronseal kuma, mai fentin katako, takensa na 1994 cewa yake kayan yana yin daidai abin da aka rubuta a jikin gwangwani. A 2013 David Cameron, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, ya kira gwamnatin haɗakarsa "Ronseal deal". Wannan kashin ba ya kai mai saye wurin kishiya, domin ba wanda ke kiran fentin wani Ronseal.

Hajiya Rabi: Na karɓi rabon, Malam, amma ban karɓi cewa kashi na biyu alheri ne kullum ba. Poundland fa? Kanti ne da aka buɗe a 1990, ya faro da sayar da kowane kaya a kan fam ɗaya. Yanzu idan aka liƙa sunansa gaban sunan wani shahararre, ana nufin mutumin jabun wancan ne mai araha. Zagi ne, kuma kamfanin ba shi da ikon janye shi daga baki.

Malama Zulai: Ga mai koyon Turanci, inda ake tuntuɓe daban ne. Kalmomin nan na hira ne. A wasiƙar ofis ko takardar odar kaya a rubuta "vacuum cleaner", in ba haka ba mai kawo kaya na iya ɗauka samfurin Hoover ake nufi. Kuma ba sa ƙetare teku. Ba'amurke Scotch tape ya sani a madadin sellotape, Wite-Out a madadin tippex. Shi kuma Band-Aid da Kleenex ɗinsa, ɗan Landan plaster da tissue yake ce musu.

Malam Habu: Na sauko a kan biro da omo. A kan Marmite kuwa ina nan daram, domin kamfanin ne da kansa ya shuka maganar, kuma duk wanda ya faɗe ta kwalbar nan mai murfi rawaya yake gani.