Takalmin da na saya a intanet ya ɓalle, sun ƙi karɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Na sayi takalmi sau-ciki a wani shagon intanet, aka aiko min shi Kano daga Legas. Sau uku kacal na saka, tafin ya ɓalle ta gaba, gam ɗin ya saki. Na tura musu hoto, suka ce ba sa karɓar takalmin da ya taka ƙasa. To ta yaya zan gane aibinsa ban saka ba?

Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta yarda a mayar da kaya mai lahani. Shin sakawar da na yi ta soke haƙƙina? In na kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya (FCCPC), rasit da hotunan sun wadatar? Wallahi kuɗin sun yi min ciwo.