Tara ruwa ya jawo mana sauro, ga taron unguwa yana tafe: ina neman shawara

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina cikin kwamitin unguwarmu, a wani gari da ke gefen babban birni. Tun da zafi ya kankama hukumar ruwa ta roƙi jama'a su rage ɓarnar ruwa, musamman wajen ban ruwan shuke-shuke da wankin mota. Mutane sun amsa kira, kusan kowane gida ya ajiye ganga ko bokitai yana tara ruwan sama da na ɗauraya, amma tun daga nan sauro ya addabe mu, har da rana tsaka yana cizo. Ga shi muna shirin taron iyalai da yamma a filin unguwa, inda yara da tsofaffi za su hallara. Shin mu ce a daina tara ruwan, ko mu nemi a yi feshi kafin ranar?

Wani ma'aikacin lafiya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ku hana mutane tara ruwa, domin laifin yana wurin mazubin da aka bari a buɗe. Sauron da ke cizo da rana galibi jinsin Aedes ne, mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke yaɗa zazzaɓin dengue da Zika, kuma ya fi son ruwan da aka ajiye a mazubi. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, shi ya sa ake cewa a duba duk mako. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, macen tana manna ƙwayayenta a jikin bangon mazubi, sama kaɗan da bakin ruwa, kuma suna iya yin watanni a bushe, da zarar ruwa ya sake taɓa su sai su ƙyanƙyashe. Don haka juye ruwan kaɗai bai wadatar ba, sai an goge cikin gangar da buroshi, sannan a rufe ta ruf, ko a ɗaure bakinta da raga mai ƙananan idanu. Ruwan da aka juye kuwa a ba shuka, ba a yi asararsa ba.

Wata uwa ta ce:

Ƙanwata, ki ƙara da faifan da ake sawa ƙarƙashin tukunyar fure, da tsofaffin tayoyi, da kayan wasan yara da aka yasar a bayan gida, da indararon da ganye ya toshe. A riƙa ban ruwa da sassafe kafin rana ta ɗaga, a gindin shuka, a lulluɓe ƙasar da busasshen ganye don ta riƙe danshi. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowane sakan yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, kuma sau da yawa ya bar kududdufi a ƙarƙashinsa. A rufe duk famfunan gida na awa 2 a duba mita. Idan ta motsa, akwai inda ke yoyo.

Wani dattijo ya ce:

Ni dai, 'yata, ina ganin a yi feshin, tunda taro ya matso.

Ma'aikacin lafiyar ya sake cewa:

Allah ya ƙara girma, Baba, ba na musu da feshi idan hukumar lafiya ce ta yi shi, sai dai manyan sauro kawai yake kashewa, tsutsotsin da ke cikin ruwa suna nan, bayan 'yan kwanaki su tashi a koma gidan jiya. Shi Aedes ba ya yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi, ma'ana wanda zai ciji mutane a filin nan daga gidajen da ke kewaye zai fito. Shawarata ita ce kwamiti ya zaga gida-gida mako 2 kafin taron, ya sake zagawa bayan mako guda. A ranar kuma a kafa fankoki inda tsofaffi za su zauna, tunda sauro ba ya iya tashi cikin iska mai ƙarfi, a kuma shafa maganin korar sauro da ke ɗauke da sinadarin DEET ko picaridin. Jaririn da bai kai wata 2 ba ba a shafa masa, raga ake lulluɓa wa keken turinsa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tafkin ado da ke tsakiyar filin, wanda ba za mu iya juyewa ba.

Ma'aikacin lafiyar:

A zuba masa Bti, wata ƙwayar halitta ce daga ƙasa da ke kashe tsutsar sauro ba tare da ta cutar da mutum, kifi ko tsuntsu ba, a bi umarnin da ke jikin kwalin. Idan tafkin yana da injin da ke motsa ruwa, a gyara shi ya riƙa aiki, domin sauro ya fi yin ƙwai a ruwan da ya kwanta.