Agogon ƙirga taku ne ke min ƙarya ko ni ce ban iya shi ba?

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah masu sanin agogunan nan na hannu masu ƙirga taku ku taimaka min. Likita ne ya ce in dinga tafiya kullum saboda hawan jini, shi ne ƙanina ya taho min da agogo daga Duwala ya haɗa min shi da waya ya ce kullum in cika taku 10,000. Toh jiya wlh ko ƙofar gida ban leƙa ba, wanki na yi da safe na daka gero na tuƙa tuwo, kafin la'asar agogo ya ce na yi taku 6,000 da ɗoriya har yana wani ɗan girgiza wai taya ni murna yake. Amma ranar da na taka da ƙafata daga Yelwa har babbar kasuwa na dawo da kwano a ka cikin ranar nan ta Garwa da kuka sani, abin da ya rubuta ko rabin wancan bai kai ba. Jabu aka sayar wa yaron nan ko duk haka suke?

Mai Gyaran Waya (Marwa):
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba lallai jabu ba ne, masu tsadar ma suna yin haka. Kin ga agogon bai san kina da ƙafa ba ma, wani ɗan ƙaramin abu ne a cikinsa mai jin motsi ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama, irin wanda ke juya hoton waya idan kin kwantar da ita. Duk motsin hannun da ya maimaitu ɗaya bayan ɗaya kamar lilon hannun mai tafiya sai ya ce taku ne. Toh ina abin da ya kai daka maimaituwa? taɓarya ta hau ta sauka ta hau ta sauka, a wurinsa ai kin kama hanyar Pitowa. Ranar kasuwa kuwa na tabbata hannun da ke da agogon shi ne ya tallafe kwano a ka, hannu a tsaye cak, dole taku da yawa su wuce shi, haka masu tura baro da amalanke suke kuka. Wani abin kuma, agoguna da yawa ba sa fara ƙirga sai kin jera taku da dama ba tsayawa, shi ya sa zirga-zirgar ɗaki zuwa madafa take ɓacewa. Ki mayar da shi hannun da ba kya aiki da shi, ki ɗaure shi ya kama kar ya dinga rawa, in za ki daka ko wanki ki cire. A agogunan kamfanin Fitbit akwai wurin da ake faɗa masa ko a hannun aiki yake sai ya rage saurin ƙirga, ki sa ƙanin naki ya duba ko naki yana da irinsa.

Ɗan Klando:
Hhh Hajiya ke da sauƙi. Ni da nake wuni kan moto, wato babur ɗin haya, duk ramin da na faɗa taku ne, da damina in na shiga lungunan unguwa kafin azahar na cika 10,000 ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba sai wurin karɓar kuɗi, tumbi kuma kullum gaba yake yi

Anti Nas (Njamena):
Yaya ni wannan 10,000 ɗin ce ma nake so ki sauke wa kanki, ba daga likitoci ta samo asali ba. A 1965 wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fito da na'urar ƙirga taku ya raɗa mata Manpo-kei, wato mai ƙirga taku dubu goma, sunan talla ne ya bi duniya. A 2019 masu bincike na Jami'ar Harvard a Amurka sun bi tsofaffin mata sama da 16,000, suka ga masu taku kusan 4,400 a rana ma mutuwa ta ragu a cikinsu in aka kwatanta da masu kusan 2,700, amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 daga nan ya daidaita. Kuma su a ƙugu suka ɗaura wa matan na'urar, ba a hannu ba. Mu abin da muke faɗa wa masu hawan jini shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, minti 150 a mako, minti 30 sau biyar kenan, tafiya mai ɗan sauri wadda za ki iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Bayan asuba ko dab da magariba ya fi, kar ki sake yin ta tsakar rana. Dakan ma ba asara ba ne, ai motsa jiki ne har da gumi, taku ne dai ba shi ba. Maganinki kuma kar ki bari dan agogo ya yaba miki.

Mai Gyaran Waya (Marwa):
Na manta, ki gwada shi Hajiya. Ki duba lambar da ke kai, ki yi taku 100 kina ƙirgawa da baki hannu a sake, ki ɗan jira ki sake dubawa. In ya ba ki kusa da 100 lafiyarsa lau.

Maman 'Yan Biyu (Garwa):
Na gode Allah ya saka da alheri. Na gwada yanzun nan a layinmu yara suna bina suna dariya, hannu a sake ya ba ni 97, da na ɗora bokiti a ka na riƙe da hannun agogon 41 kacal. Na mayar da shi hagu. Sai dai ga wata sabuwa, ashe tun safe da na cire zan yi wanki Hassana ta ɗauka ta ɗaura tana ta tsallen igiya da shi, yanzu lissafin yau ya tashi 8,300. Malam mai gyara ta ina ake goge na rana ɗaya?