Wane suna za mu raɗa wa "growth mindset" da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Akwai wata kalmar Turanci da ta zama ruwan dare a tarukan bita na malamai a nan Kaduna, wato "growth mindset". Mai gabatarwa zai yi ta zuba Hausa tiryan-tiryan, da ya iso kanta sai ya tsallaka Turanci, ya faɗe ta, ya dawo. Malamar aji uku da ta taso tun daga Rigasa ta kwafe ta a littafinta, ta koma makaranta ba ta san abin da za ta yi da ita ranar Litinin ba. Ya kamata mu raɗa mata suna. Ina da wanda na tsayar, amma sai mun yarda a kan abin da ake nufi tukuna.

Mai kalmar ita ce Carol Dweck, farfesar ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, kuma littafinta na 2006 ne ya watsa ta duniya. Maganarta: wasu sun ɗauka basira rabo ce da aka yanka wa mutum tun haihuwa, ba ƙari ba ragi. Wasu kuma sun ɗauka ana gina ta da koyo, da sauya dabara, da karɓar gyara, wannan shi ne "growth mindset". Abin da mutum ya ɗauka cikin biyun nan shi ke nuna yadda zai yi ranar da abu ya gagare shi.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na 1998, ita da Claudia Mueller. Aka ba 'yan aji biyar tambayoyi masu sauƙi, suka ci. Aka ce wa wasu lallai kuna da ƙwaƙwalwa, aka ce wa wasu lallai kun yi aiki tuƙuru. Sai aka kawo masu wuya, kowa ya sha ƙasa. Waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka karaya, suka fi son a ba su abin da ba zai tona musu asiri ba, kusan kashi 40 cikin 100 ma suka ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara. Ɗaya rukunin suka nemi a ƙara musu masu wuyar. Ku tuna da wannan duk lokacin da kuka ji uba yana cewa "ai ɗana kansa na ja" a gaban yaron.

To, mu zo kan sunaye.

"Tunanin ci gaba" shi ne farkon abin da ke zuwa baki, kuma na ji shi fiye da sau ɗaya. 'Yan siyasa sun riga sun cinye kalmar. Ka ce ci gaba a Kaduna, mutum zai hango gadar Kawo da titi mai hannu biyu, ba yaron da lissafin raba-dai-dai ya tsaya wa a wuya ba.

"Tunanin girma" kuwa ya faɗi tun bai miƙe ba. Girma a wurinmu shekaru ne da daraja, kuma taku ɗaya ne tsakaninsa da girman kai, wanda shi ne babban abin da ke hana babba ya ce ban sani ba.

Wata malama ta kawo "tunanin ƙaruwa", kuma wallahi a ma'ana ita ta fi kowa kusa. Muna cewa "na ƙaru da kai" idan an koya mana abu. Amma Malama, a yi haƙuri, ki duba yadda mutanenmu ke rubutu a waya. Mutum nawa ne ke sa ƙugiyar ƙ? Ki cire ta ki sake karantawa, sannan ki ayyana an lika wannan a allon sanarwa na makarantar 'yan mata. Mu bar shi nan.

"Naci" fa? Nan ne nake son mu ɗan daɗe, domin kuskuren da aka fi yi ke nan har a can Amurka. A 2015 Dweck da kanta ta fito ta koka cewa malamai sun mayar da maganarta yabon ƙoƙari kawai: yaro ya faɗi, a shafa kansa a ce ai ka yi ƙoƙari, a wuce. Ƙoƙarin da bai sauya hanya ba maimaita kuskure ne. Naci rabin zance ne.

Ku shiga Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, ku tsaya a rumfar mai walda. Yaro ya haɗa ƙafar kujerar ƙarfe, ya miƙa wa maigidansa. Maigida ba ya cewa komai, guduma yake ɗauka ya ba wurin haɗin duka ɗaya. Ya ɓalle. Sai ya juya ƙarfen ya nuna masa da ɗan yatsa: "Ka gani? Wutarka ta yi yawa, ka huda shi. Rage ta, ka daina gudu da hannu. Sake." Ba yabo, ba lallashi, amma an nuna masa inda ya kauce, an gaya masa abin da zai sauya, kuma cikin kalmar "sake" akwai yarda cewa zai iya. Ba na cewa duk iyayengijin Panteka haka suke. Akwai wanda "jaki" ne ke fara fitowa daga bakinsa, kuma yaransa ba sa daɗewa.

Saboda haka sunan da nake so dole ya ɗauki abu biyu, koyon da kuma iyawar da ke biyo bayansa. Ga nawa: tunanin koyi-ka-iya.

Ginin ba baƙo ba ne. Muna da ka-ce-na-ce, muna da faɗi-ka-mutu da ake kiran tangaran. Waɗannan ba sa sauyawa don mace ce ke magana, don haka ba sai an ce koyi-ki-iya ba. Yana shiga jimla ba tare da tirjiya ba: "Hedimasta ɗin nan mai koyi-ka-iya ne, ko masinja ya gyara masa zai karɓa." "Ku cusa wa yaran nan koyi-ka-iya tun daga aji ɗaya." Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane shi a ji na farko, domin ta san gemu ba ya hana ilimi.

Wani ɗan'uwa ya ce me zai hana "tunanin tukuna", tunda Dweck na son a riƙa cewa ban iya ba tukuna. Yana da daɗin faɗi, Malam, amma tukuna a bakin Bahaushe har da ɗage aiki take nufi. Ka aiki yaro ya ce maka tukuna. Mu bar ta a matsayin abin da malami zai ƙara a ƙarshen maganar ɗalibi idan ya ce "ni ban iya lissafi ba".

Kada kuma mu sayar da abin da tsadar da ta fi shi. A 2019 mujallar Nature ta buga binciken David Yeager da abokan aikinsa a kan ɗalibai sama da 12,000 a makarantun gwamnati 65 na Amurka. Darasin da bai kai awa ɗaya ba a kwamfuta ya ɗaga makin masu rauni, amma da kaɗan, kuma ya fi tasiri a makarantun da sauran ɗalibai ba sa yi wa mai neman abu mai wuya dariya. Wata tattara bincike ta 2018 ma ta nuna tasirin a dunƙule ba shi da yawa. Ajin da yara ke zaune a ƙasa babu littafi, koyi-ka-iya ba zai saya musu benci ba.

Mu a jihar nan mun taɓa fuskantar wannan tambaya ido da ido: shin wanda ya gaza zai iya koyo? A 2017 aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su. Ba zan tado wannan rigimar ba. Kawai dai kalmar da ta cika gari a lokacin ita ce "daƙiƙai", kalmar da ke rufe zance. A hanyar Zariya kuma ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 a kan cewa malamin da ke bakin aiki ana iya ƙara masa sani.

Saura kishiyarsa, "fixed mindset", wato ɗaukar basira a matsayin rabon da ba ƙari ba ragi. Na so in ce tunanin zanen-dutse, daga hali zanen dutse, amma hali ɗabi'a ce ba basira ba, sai nake jin kamar aron riga ne. "Tunanin haka-nake" ya fi kama da abin da mutane ke faɗa da bakinsu: ni haka nake, kaina ba ya ɗaukar Turanci. Na guje wa "haka Allah ya yi ni" da gangan, don kada zancen koyarwa ya rikiɗe ya koma muhawarar ƙaddara. 'Yan rediyo da ke nan, don Allah ku karanta su biyun da ƙarfi kamar kuna gaban makirfo, koyi-ka-iya da haka-nake, ku gaya mana ko harshe na sarƙewa. Mutanen Sakkwato da Katsina kuma, yaya suka sauka a kunnenku?