Tankar farko: me kuka gani da kuka fara haɗa maket?

Uban yaro, unguwar Bukoki, Yamai:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya aiko wa ɗana kwalin maket na tankar yaƙi, irin wadda ake harhaɗawa da hannu: Tiger I ta Jamus, ma'aunin 1/35. Da muka buɗe sai ga ƙananan sassa birjik maƙale a jikin rassan roba, da wani ɗan fallen tagulla siriri. Shekarun yaron 14, kuma ya ƙagu ya fara. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku faɗa mana abin da hannunku ya taɓa.

Mai gyaran agogo, Tawa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Rufe kwalin nan ka adana shi, lokacinsa bai yi ba. Ni da Tiger na fara, kuma ƙafafunta sun kusa raba ni da aikin. Ta farkon ƙira tana da ƙafafu 24 a kowane gefe, 48 ke nan, a sarƙe cikin juna, kowace sai an kankare ta an shafa wa bakinta baƙin fenti. Ni da na saba da ƙananan ƙusoshin agogo ma na gaji, balle yaro mai ɗoki. Ka nemo masa T-34 ta Tarayyar Sobiyet, wadda aka fara ƙerawa a 1940: manyan ƙafafu biyar ne kacal a kowane gefe, fentinta kore ɗaya. Ko M4 Sherman ta Amurka. Na kamfanin Tamiya na Japan sun fi yi wa sabon shiga daɗi, sassansu na zama da kyau, takardar bayani a fili take. Su ne ma suka yayata ma'aunin 1/35 tun daga maket ɗinsu na tankar Panther a 1961.

Ka kuma duba irin sarƙar da ke cikin kwali, wato wadda ke zagaye ƙafafun tanka take tafiya a kanta, kafin ka saya. Akwai mai zuwa a haɗe kamar ɗamara, akwai wadda ake jerawa ƙwaya-ƙwaya. Ta farkon zai fara da ita. Abin da nake so yaron ya samu shi ne ya ga tanka guda ta kammala a hannunsa.

Malamar lissafi, Yantala:
Baba mai agogo ya yi gaskiya. Ni da ɗalibaina muka haɗa tamu, don ina koya musu ma'auni da ita: santimita 1 a maket daidai take da 35 a tankar gaske, shi ya sa gangar jikin Tiger mai mita 6.3 take dawowa santimita 18. Kayan aiki ba su ci mana kuɗi ba. Abin yanke farce don cire sassa daga reshe, sabuwar reza, matsefata, tsinken sakace, da samfefa mai laushi da muka samo a kasuwar Katako. Kada a murɗe sashi da hannu, yana barin rami.

Maganar kol, wato gam na liƙa sassa, ce babba. Kol ɗin maket narkar da robar yake kaɗan, sassan biyu su zama abu guda, don haka ɗigo a bakin tsinke ya isa. Kol mai kama nan take da ake saidawa a shago ba ya barin ka gyara, kuma yana barin farin tabo. A ajiye shi don tagullar nan, ita kol ɗin roba ba ya kama ta. Kuma a gwada kowane sashi a mazauninsa kafin a shafa komai.

Ɗalibin jami'a, Harobanda:
Ku yi haƙuri iyayena, ni ban ga laifin ya fara da Tiger ba in ita yake so. Ya bar tagullar kawai, galibi tankar na tsayuwa ba ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce 1/72 ta fi sauƙi don ta fi ƙanƙanta. Na gwada, sassanta sun fi wuyar riƙewa.

Mai fentin motoci, Tallaje:
Yallaɓai, takardar cikin kwali ba ta san zafinmu ba. A watan Afrilu da Mayu, fenti mai narkewa da ruwa yana bushewa a bakin buroshi kafin ka kai shi jikin tanka, sai ya fito gudaji-gudaji. Ni bayan sallar asuba nake shafawa. Ina shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a faranti, in ɗora takarda mai santsi, in ɗiga fentin a kai, sai ya daɗe bai daskare ba. A tsinka shi da ruwa, a shafa siriri sau biyu ko uku. Kauri ɗaya zai cike kawunan ƙusoshi da layin walda, su ne kuwa kyan abin. Kafin nan a wanke rassan da ruwan sabulu, su sha iska a inuwa.

Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ina gama shafawa sai in kifa roba mai tsabta a kai, in kashe fanka. Kwalin kansa kada a bar shi cikin mota ko dab da rufin kwano. Na ga na wani abokina da ya wuni a mota da rana, bakin bindigar ya lanƙwashe, bai sake miƙewa ba.

In an zo kan Tiger: ta kafin Fabrairun 1943 toka-toka mai duhu ce galibi, daga nan Jamusawa suka koma rawaya mai duhu.

Tsohon soja, Tawa:
Ƴaƴana, abu guda zan ƙara. Motar yaƙi ba ta zama fes. Ƙura na kwanciya a ƙafafu da ƙasan jiki da bayan inji, inda ake takawa da inda ake kamawa kuma fenti yana goge. Ni jar ƙasarmu nake tankaɗewa da kyallen atamfa, in dama da farin kol na kafinta da ruwa, in dangwala a ƙasa-ƙasa kaɗai. Kaɗan ake sawa, kada a binne aikin. A duba hoton tankar gaske kuma: sarƙar T-34 da ta Tiger a kan ƙafafu take kwanciya, ta Sherman a miƙe take tsaf.

In hannun yaron ya faɗa, a nemo masa Panhard AML-90 ta Faransa, mai taya huɗu da bindiga milimita 90, wadda sojojinmu na Nijar suka yi aiki da ita. Kamfanin Takom ya fitar da ita a 1/35. Babu wahalar sarƙa, kuma ƙasar da za a shafa mata tana ƙofar gida.

Uban yaro, Bukoki:
Allah ya saka da alheri. Mun zauna da yaron, ya yarda a ajiye Tiger a ɗakin da ya fi sanyi, na kuma aika wa ƙanena ya nemo T-34 mai sarƙa a haɗe. Malama, in ba damuwa a faɗa mini lambar samfefar da kuka saya, ranar Asabar za mu shiga Katako.