Neman shawara: ƙaramar bindiga mai jikin roba ta ɗauka a ɓoye, Glock 19 ko ɗaya daga cikin sirara?

Baban Iman, Houston

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shago haɗe da gidan mai a kudancin Houston, ni nake rufewa da daddare, ni nake fita da cinikin ranar. A 'yan watannin nan an shiga shaguna a layinmu da makami, har an ji wa wani maƙwabcina ciwo. Mun zauna da mai ɗakina mun yanke cewa zan mallaki fistol bisa doka, in riƙa ɗaukarta a jikina. Ina da takardar zama ɗan ƙasa, ba ni da wani laifi a rubuce.

Na je shagon bindigogi an fito min da Glock 19, Glock 43X, SIG P365, Hellcat da Shield Plus. Duk jikinsu roba ne, duk harsashin 9mm suke ci. P365 ta burge ni saboda kamar babu ita a ƙugu, amma ɗan ƙaramin yatsana ba ya samun wurin zama a mariƙinta. Glock 19 ta cika min hannu daidai, sai dai ina ganin za ta nuna a ƙarƙashin riga. Kuma robar nan tana da ƙarko kuwa? Sannan ran Juma'a kaftani nake sawa da wando mai tazuge, ga sallah ina yi a bayan kanta. Yara uku gare ni, babbar shekararta 9. Waɗanda suka riga ni, ku taimaka min da abin da kuka sani.

Kawu na Dallas

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya tsare, Ya ba maƙwabcinka lafiya.

Maganar roba cire ta daga ranka. Tun 1970 kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya fitar da VP70 mai irin wannan jiki, a farkon shekarun 1980 sojojin Ostiriya suka karɓi Glock 17, ita Glock 19 kuma tun 1988 take hannun mutane. Robar a mariƙi da gangar ƙasa take. Bututun da murfin sama da ake ja baya, inda wuta da matsi suke, duk ƙarfe ne. Amfaninta gare ka a Houston ma babba ne, domin gumin garin nan naku yana cin ƙarfe, roba kuwa ba ta tsatsa, ga rashin nauyi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne: bindiga takan yi daɗi a kan kantar mai sayarwa, ta ƙi daɗi ran da ka harba ta. Harsashin da ke cikin P365 shi ne ke cikin Glock 19, ƙarfinsa kusan ɗaya. Amma P365 kimanin giram 500 ce, Glock 19 ta kusa 670. Wannan ƙarfin dole ya je wani wuri, idan nauyin bindiga bai shanye shi ba, hannunka ne zai sha. Shi ya sa ƙaramar take fizga sama, harbi na biyu ya yi wuyar komawa kan saiti. Ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajera ce, bututun P365 inci 3.1 ne, na Glock 19 inci 4, ƙaramin kuskure a hannu sai ya zama babba a kan allo. Sabon shiga ya fi saurin ƙwarewa da babbar.

Kada ka fitar da ko dala ɗaya sai ka je filin koyon harbi da ke bayar da haya. Ka karɓi biyar ɗin in suna da su, kowacce ka ba ta harsashi iri ɗaya daga yadi 7, ka rubuta sunanta a jikin takardar da ka harba. Ka shimfiɗa takardun a ƙasa ka duba. Wadda ramukanta suka fi taruwa wuri ɗaya, wadda yatsanka ke kai wa kunamarta ba tare da ka karkatar da riƙo ba, ita ce taka. Ni 19 nake ɗauka, harsashi 15, kuma ban ce dole ita za ka ɗauka ba.

Direban Tirela

Kawu ya faɗi gaskiya a kan harbi, amma da izininka Kawu zan ɗan saɓa. Baban Iman a tsaye zai wuni, yana sunkuyawa yana jera kaya. Glock 19 cike da harsashi ta haura giram 800, kaurinta kusan inci 1 da kwata. Na san mutane da suka saye ta da murna, wata bai cika ba ta koma aljihun mota, daga nan ta koma gida. Wadda aka bari a gida ba ta tsare kowa ba.

Kafin 2018 ƙaramar bindiga siririya harsashi 6 ko 7 take ɗauka. P365 ce ta zo da 10 a jikin da kaurinsa inci 1 ne, sauran kamfanoni suka biyo baya: Hellcat a 2019 da 11, ko 13 da dogon gidan harsashi, Shield Plus a 2021 da 10 ko 13. Matsalar ɗan yatsanka kuma tana da magani. 43X siririya ce amma mariƙinta dogo, yatsu duka suna zama, harsashi 10. Akwai P365XL mai 12 da bututu inci 3.7. Ka sa waɗannan biyun cikin gwajinka. Ka kuma sani, abin da ke nunawa a ƙarƙashin riga mariƙi ne, bututu cikin wando yake shigewa. Don haka dogon bututu ba ya tona asiri, dogon mariƙi ne ke yi.

Wani abu daga sana'ata: in za ka yi tafiya, kowace jiha da dokarta. New York, New Jersey, California da Illinois ba sa karɓar lasin ɗaukar bindiga na Texas. Ukun farko ma sun hana gidan harsashi da ya wuce 10.

Malamin Harbi

Ina koyar da ajin lasi, bari in fara da doka domin wasu masu karatu ba irin takardarka suke da ita ba. Ɗan ƙasa da mai girin kad suna iya saye. Wanda yake kan bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi sai da wasu 'yan togaciya ƙalilan, kada ya taɓa sai ya ga lauya. Kada kuma kowa ya saya wa wani da sunansa. Fom 4473 da ake cikewa a shago yana tambayar ko kai ne ainihin mai saye, ƙarya a kai laifin tarayya ne mai kai mutum kurkuku, ga wanda ba ɗan ƙasa ba har da kora. Masu Uber da Lyft, kamfanonin biyu duk sun hana ɗaukar bindiga a bakin aiki.

Tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta yarda mai shekara 21 da ba a haramta wa ba ya ɗauki fistol ba lasi. Duk da haka, yaya, ka yi lasin. Kuɗinsa a wurin hukuma dala 40 ne, aji na awa 4 zuwa 6, sai jarrabawar harbi da harsashi 50 daga yadi 3, 7 da 15. A ajin za ka san ma'anar allunan hana shiga da bindiga na 30.05, 30.06 da 30.07 da ake liƙawa a ƙofofi, da jan allon 51% na mashaya. Akwai dokar tarayya da ta hana bindiga cikin ƙafa 1,000 daga makaranta, ta kuma keɓe mai lasin jihar. Kai da za ka riƙa kai yara makaranta, wannan kaɗai ya isa dalili. Cikin ginin makarantar dai haramun ne ko da lasi, haka kotu da rumfar zaɓe.

Yanzu maganar da ta fi damuna a tambayarka, wato tazuge. Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, kariyarta a ciki take, duk abin da ya ja kunama za ta tashi. P365, Hellcat da Shield Plus ana samun su da makulli ko babu. Ko wacce ka zaɓa, ba a soka ta a wando haka kawai, ba a jefa ta aljihun kaftani tare da makullan mota. Kube ake saya mata mai tauri, irin na robar Kydex, wanda aka ƙera don ainihin wannan samfurin, ya rufe kunama ruf ta kowane gefe. Ka gwada shi da bindiga babu harsashi: ka sa ta, ka ji ta ce ƙas, ka kifa kuben a kan katifa ka girgiza a hankali, kada ta faɗo. Shi kuben a jikin bel mai ƙarfi yake kamawa, tazuge ba zai riƙe ba, da ka ja bindigar kube zai biyo ta. Tela zai iya yi wa wandon kaftaninka madaukan bel, ko ka sayi irin bel ɗin da ake ɗaurawa a kan jiki ƙarƙashin tufafi wanda yake ɗaukar kube mai tauri.

Kaftani yana ɓoyewa sosai, ya fi riga 'yar shara nesa ba kusa ba, amma tsawonsa yana jinkirta fitarwa. Wannan sai da atisaye a gida, bindiga babu komai ciki, harsasai a wani ɗakin daban. In za ka mayar da ita kube ka yi a hankali, idonka a kai, ka tattare rigar da ɗaya hannun. Lokacin mayarwar ne mutane suka fi harbin cinyarsu, saboda gefen riga ya shiga wurin kunama.

Abu Sumayya

A kan sallah: in ka sa ta ta bayan ƙugu, da ka yi ruku'u mariƙin zai tokare riga, na bayanka ya gani. Ta gaba kuma tana danna ciki a sujada da zaman tahiya, nan ne siririya mai gajeren bututu ta fi sauƙi. Idan kuben ya zo ka yi raka'a biyu da shi a gida, babu harsashi, za ka gane wurin da ya dace da jikinka. Wurin alwala kada ka cire ta ka ajiye a kan wani abu.

Masallaci kuwa ka tambayi kwamiti. Dokar Texas tun 2019 ta bar wa wuraren ibada zaɓi, in sun sa allo ko sun faɗa maka baki da baki, shi ke nan. Ya tabbata a hadisi cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa Musulmi ciwo, an kuma hana nuna wa ɗan'uwa makami. Ka ɗauke ta da wannan ladabin.

Maman Haidar

Yaya, kowa yana maganar ƙugunka, ni ta gidanka nake. Ni nas ce, na ga yaron da aka kawo mana bayan ya tsinci bindigar babansa a ƙarƙashin kujerar mota. Ba na fatan wata uwa ta ga abin da na gani a fuskar mahaifiyarsa. 'Yar shekara 9 ta san duk inda kuke ɓoye abu a gidan nan, saman kwaba ba maɓoya ba ce. Ka sayi akwatin ƙarfe mai lambobi ka ɗaure shi da kusa a jikin gado ko bango kafin bindigar ta shigo, ka sayi ƙarami mai igiyar ƙarfe na mota. Wuri biyu kawai gare ta: jikinka ko cikin kulle. A Texas barin bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta laifi ne, amma ba don doka nake roƙonka ba.

In Anti za ta koya, a ba ta ta gwada Shield EZ, murfinta yana da laushin ja. Kuma ran da ɗayanku ya shiga ƙunci mai tsanani ko rigima ta yi zafi a gida, a fitar da ita daga gidan tukuna.

Direban Tirela

Allah Ya saka, Maman Haidar. Ƙari kan harsashi: na atisaye daban, na ɗauka daban. Na ɗauka mai ramin baki ne, irin Federal HST ko Speer Gold Dot, yana buɗewa ya tsaya maimakon ya ratsa ya sami wanda ke baya. Ka harba kwali biyu nasa a bindigarka ka tabbatar tana cinsa ba ta sarƙewa.

Kawu na Dallas

Ɗana, abu ɗaya ya rage. Kuɗin da ke cikin durowa bai kai ranka ba, bai kai ran ma'aikacinka ba. In ɓarayi sun riga sun nuna maka bakin bindiga, miƙa musu. Bindiga ta lokacin da rai ke cikin haɗari ce babu wata mafita. Ka ƙara fitila a bakin shago, ka gyara kyamara, ka daina fita da kuɗi a lokaci ɗaya kullum. Kuma ran da za ka je gida hutu ka zazzage jakarka tsaf, kada ko harsashi ɗaya ya maƙale a ciki. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, lasin Texas ba ya aiki a filin jirgin Kano.

Baban Iman, Houston

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na sami filin da ke bayar da haya, zan gwada 19, 43X, P365XL da Shield Plus yadda Kawu ya ce. Akwatin ƙarfe na yi odarsa, ajin lasi kuma na sa suna. Malam, tambaya ɗaya: in ɗan sanda ya tsayar da ni a hanya tana jikina, me zan yi?

Malamin Harbi

Ka tsaya a wuri mai haske, ka sauke gilashi, ka kunna fitilar cikin mota, hannaye biyu a kan sitiyari. In ya nemi shaida, dokar Texas ta ce mai lasi da ke ɗauke da bindiga ya miƙa lasin tuƙi tare da na bindiga. Kafin ka motsa ka faɗa masa da baki cewa kana da lasi, tana jikinka, ga gefen da take, sannan ka tambaye shi yadda yake so ka ɗauko takardun. Ka riƙa ajiye walat ɗinka nesa da gefen da kuben yake, don kada hannunka ya nufi wajen.