Za mu kai Baba gidan kula da tsofaffi a Birmingham, me zan duba?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Don Allah kafin a ce min "mu ba ma kai iyayenmu can", a saurare ni. Baba shekararsa 81, tun da ya zo karatu Ingila bai koma gida da zama ba. Ciwon mantuwa ya yi masa ƙarfi, ga ciwon suga, kullum sai allurar insulin. Kwanaki ya buɗe ƙofa da ƙarfe uku na dare wai zai tafi masallacin unguwarsu a Zariya, 'yan sanda suka dawo mana da shi ko takalmi babu. Mama ba ta iyawa kuma, ni da ƙanena muna aiki. An ba mu sunayen gidaje uku, duka CQC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan gidaje a Ingila, ta ce suna da kyau. Na leƙa ɗaya, falo kamar otal, amma hankalina bai kwanta ba. Ta yaya ake gane na kirki?

Mai Aikin Dare:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ba Baba lafiya. Shekarata uku ina wannan aikin. Falon nan don ke aka gyara shi, ba don Baba ba.

Rahoton CQC ki duba shekarar da aka yi shi, wani ya tsufa, manajan da aka yaba ya daɗe da tafiya. Abu biyar suke aunawa, ki fi sa ido kan tsaro da shugabanci. Sannan ki koma ba tare da kin yi waya ba, wajen ƙarfe huɗu ko biyar na yamma, lokacin da masu mantuwa suka fi rikicewa. Ki wuce falo ki shiga lungun ɗakuna. Warin fitsarin da ya kama gida daban yake da na yanzu-yanzu, hancinki zai gaya miki. In ƙararrawar kira ta yi ƙara, ki duba agogo a ɓoye har a amsa. Ki kalli farcen tsofaffin, ki ga ko kofin ruwa na inda hannu zai kai.

Tambayar da ba sa so: mutum nawa ke aikin dare, tsofaffi nawa ne a kansu, kuma nawa ne 'yan ejensi, wato ma'aikatan wucin gadi da ake ɗaukowa daga wani kamfani? Baƙuwar fuska kowane dare ba ta sanin wanda ke fita neman masallaci.

Batun insulin kuma, ba kowane gida ke da nas dare da rana ba. Ki tambayi wa zai yi masa allurar.

Ɗan Zazzau:
Ni dai da za ku ji tawa, ku mayar da shi gida cikin dangi, a ɗauki mai kula da shi. Ƙasarsa yake nema.

Uwar Biyu:
Malam mun yi wannan shawarar har da kuka. Zariyar da yake nema mutanenta duk sun rasu, likitocinsa kuma suna nan.

Hajiya Babba:
'Yata, kada ki bari kowa ya ɗora miki laifi. Na yi wannan jinyar da maigidana, Allah ya ji ƙansa. Kowane gida zai ce miki suna ba da halal. Ki ce a nuna miki inda suke sayen naman, don a wani wurin kifi da ganye za su yi ta ba shi har ya rame. Maganar namiji ne zai yi masa wanka, da lokutan sallarsa, a rubuta su cikin takardar tsarin kulawarsa, alkawarin baki yana tafiya da wanda ya yi shi. Ki tambaya ko akwai mai jin Hausa, tun 2022 'yan Najeriya sun yi yawa a aikin. Nawa a ƙarshe Turancinsa ya gudu tas.

Kafin ki sa hannu ki nemi zaman gwaji na mako biyu. Kuma in ajiyar Baba ta haura fam 23,250, shi zai biya kuɗin da kansa, sai ku yi lissafi tun yanzu.

Uwar Biyu:
Amin Hajiya, na gode. Wallahi shi ma ya fara, jiya nas ta yi ta masa magana, sai da na maimaita da Hausa ya miƙa hannu. Alhamis da la'asar zan koma gidan nan, ba zan kira su ba.